Ƙafa Ke Cin Kofi, Ko Hanya?

Ƴan uwa ɗalibai, maza da mata, ga wata tambaya da ya kamata mu zauna mu tauna tare. In anka ce wata ƙungiyar ƴan mata ita ce zakarar ƙasa a wasan balo, mi anka auna? Ƙwarewar ƙafa, ko kusanci da fili? Wani zai ce ai wannan zancen wasa ne, ba zancen adalci ba. To amma duk inda mutum ya ɗauki alƙalami ya ja layi bisa taswira, ya ce waɗannan su kara da waɗancan, ya riga ya yanke hukunci bisa wadda za ta kwana gida da wadda za ta kwana tasha. Hukunci kuwa, komi ƙanƙantarsa, ana tambayar adalcinsa.

Mu fara da hanya, tunda ita ba ta ƙarya. Daga Ƙwanni zuwa Yamai akwai kusan kilomita 420. Zuwa Tawa, babban birnin jiharmu, ɗari da ƴan kai ne. Sakkwato kuwa, da ke wata ƙasa, ta fi Tawa kusa da mu. Ƴan uwanmu na Difa, tsakaninsu da Yamai ya wuce kilomita 1,300. Manyan ƙungiyoyin balo na ƙasar nan galibinsu Yamai suke, kuma da yawansu na hukumomi ne, kamar na soja, na ƴan sanda da na dogarawan ƙasa. Ƙungiyar da ke da hukuma bayanta tana da mota, tana da mai. Ƙungiyar kolej ta Badagishiri ko ta Galmi, mi gare ta? Malami guda mai son wasa, da balo biyu, ɗaya ma an yi mata faci.

Layukan nan kuma mutane ke ja su, kuma suna sake su in sun ga dama. A 2011 anka ƙara yawan gundumomin Nijar daga 36 zuwa 63, Malbaza ta fita daga Ƙwanni, Bagarwa ta fita daga Ilela. A fagen balo ma an raba Afirka ta Yamma gida biyu, Nijar ta faɗa rukunin UFOA B tare da Najeriya, Gana, Benin, Togo, Burkina Faso da Kwadibuwa. Da CAF ta kafa gasar zakarun ƙungiyoyin mata a 2021, ta wannan rukuni ake bi kafin a kai ga babbar gasa. A 2022 anka soma gasar makarantun Afirka ta maza da mata, kuma ƴan matan wata makaranta ta Dodoma, a Tanzaniya, sunka ɗauki kofin farko a Durban a 2023. Ke nan tsani yana nan, daga filin lakwal har zuwa nahiya. Abin dubawa shi ne matakin farko na tsanin, ko yana inda ɗiyar Alela za ta iya ɗora ƙafa.

Mu ɗauka yarinya ce mai shekara 15, ƴar aji uku a kolej, wadda duk wanda ya ga tana gudu da balo sai ya tsaya kallo. Anka ce ranar Asabar akwai wasa a Yamai. Lissafin mai shirya gasa gajere ne: minti 90. Lissafin gidansu kuwa ya fi haka tsawo. Akwai kuɗin kar zuwa da dawowa, da abincin hanya. Juma'a ta tafi a mota, Lahadi ma haka, Litinin ta shiga aji idonta na rufewa, ga jarabawar BEPC na tafe baɗi. Ruwan da take ɗebowa da dakan da take yi, wata ce za ta yi su, uwarta ko ƙanwarta. Sai babbar magana: ina za ta kwana, kuma a hannun wa?

Nan ne nauyin ɗiya mace ya bambanta da na namiji. Yaro in ya kwana bisa benci a tasha, gobe labari ne na dariya a fada. Yarinya in ta kwana inda ba a sani ba, labari ne da zai bi ta har ranar da za a zo neman aurenta. Mu duka mun san yadda bakin unguwa yake. Sannan lokacinta gajere ne. Alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 76 cikin ɗari na ƴan matan Nijar ana yi musu aure kafin su cika shekara 18. Ko dokar da gwamnati ta sa wa hannu ranar 5 ga Disamban 2017 don kare karatun ɗiya mace, ba ta fito banza ba. Namiji in ya rasa gasar bana, yana da ta baɗi da ta baɗin baɗaɗa. Yarinya in ta rasa ta bana, wataƙila ta rasa ke nan har abada.

Saboda haka kada mu yi saurin kiran uban da ya hana tafiya jahili. Ɗiyarsa amana ce a wuyansa, addini da al'ada duk sun ɗora masa. In ya tambaya wace mace babba ce za ta raka su, ko wane gida za su sauka, ko direban ya yi barci, tambayoyin mai hankali ne. Laifin yana ga tsarin da ya zo neman izini ba tare da amsa ba. Wanda ya shirya gasa bai tanadi waɗannan amsoshi ba, ya riga ya cire ƴan mata da yawa tun kafin alƙalin wasa ya hura usur, sannan daga baya a ce iyayen karkara ne ba su waye ba.

To, wani abokinmu zai ce abin ai mai sauƙi ne: kowa ya tsaya gidansa. Ƙwanni ta kara da Malbaza, Malbaza ta kara da Ilela, a huta da wahala. Wannan magana tana da nata ramin. Ƙarfe ɗaya ba ya amo. Yarinyar da ta fi kowa a gundumarta, in kullum da waɗanda ta fi take karawa, ƙwarewarta za ta tsaya cik, kamar ɗalibin da ke zama na ɗaya a ajin da ba mai ja da shi. Kuma masu zaɓen ƴan wasan Mena ba za su gan ta ba, tunda ido ba ya ganin abin da ke bayan kilomita 400. Tafiya mabuɗin ilimi ce, haka magabata sunka ce, kuma ɗiyar talaka ta fi kowa bukatar mabuɗin nan. In munka tsare ta gida da sunan tausayi, mun cuce ta ta wata ƙofa.

Kada kuma mu zaci talauci kawai ke kawo wannan matsala. A Amurka akwai babbar gasar ƴan mata da ake kira ECNL tun 2009. A 2020 hukumar balo ta ƙasar ta rufe nata tsarin horar da matasa, ƙungiyoyi sunka watse sunka sake rukuni. Can iyaye ke biyan kuɗin jirgi da na otal, har ya zama sanannen koke cewa ɗiyar mai kuɗi ce ke kaiwa sama. Maƙwabciyarmu Najeriya ta raba gasar rukuni na biyu Arewa da Kudu don rage nisa. Ita kanta Mena ta maza, a wasannin neman zuwa kofin duniya na 2026, sai da ta riƙa karɓar baƙinta a Maroko. In ƙungiyar ƙasa mai jirgi ta ɗanɗana zama baƙuwa a wasan gidanta, ina ga ƴan kolej?

Abin da nike gani shi ne, mun saba haɗa daidaito da adalci kamar abu guda. Mai shirya gasa zai ce doka ɗaya ce ga kowa: ƙarfe huɗu a fili, wanda bai zo ba an cinye shi. Daidai ne bisa takarda. Amma ɗaya ta taso daga unguwar da ke bayan filin bisa kabu-kabu, ɗaya ta yi yini guda cikin mota. Addininmu ya daɗe da gane wannan. Sallah wajibi ce ga kowa, amma matafiyi an rage masa raka'a huɗu zuwa biyu, an yarda ya sha azumi ya rama. Shari'a ta lissafa wahalar hanya cikin hukunci. Dokar wasa ba ta fi ƙarfin ta yi haka ba.

Muna ma da misali a gida. Kokowar takobi ta soma a Tawa a 1975. Kowace jiha tana kawo ƴan kokowa goma, kuma gasar tana zagaya jihohi takwas. Bana kai ne baƙo, wata shekara kai ne mai masauki. Ɗan kokowa yana tafiya cikin tawagar jiharsa, ba da kuɗin awakin uwarsa ba. Shi ya sa takobin ke da daraja a idon kowa, daga Difa har Tilaberi: ba wanda zai ce nisa ta hana shi. Ƙasar da ta iya yi wa ƙarti wannan tsari shekara da shekaru, ta san yadda ake yi.

Akwai masu cewa mu juya gabas da kudu, mu yi wasa da ƴan matan Illela ta Najeriya da na Sakkwato, tunda harshe ɗaya ne, kasuwa ɗaya, dangi ɗaya. Wasan sada zumunci abu ne mai kyau. Sai dai mun ga abin da ya faru bayan 26 ga Yulin 2023, iyaka ta rufe har zuwa Maris na 2024. Ba a kafa makomar yara bisa ƙofar da makullinta ke hannun siyasa. Amma ko a cikin gida, taswirar mulki da taswirar hanya ba su faye haɗuwa ba. Dogon Dutsi tana jihar Doso, ta kuma fi Abalak kusa da Ƙwanni, ko da yake mu da Abalak jiha guda muke. In za a raba rukuni don ƴan wasa, kwalta ya kamata a bi, ba iyakar gwamna ba.

Ga ma'aunin da nike ganin ya dace mu riƙe. Wanda ya ja layi shi ke biyan kuɗin nisan da layin ya haifar, in FENIFOOT ce ko ma'aikatar ilimi ko majalisar jiha. Wasannin mako-mako su tsaya inda za a je a dawo kafin magariba, kamar Ƙwanni, Tsarnawa, Malbaza, Galmi, Madawa, Badagishiri da Ilela. Doguwar tafiya ta zama sau ɗaya ko biyu a shekara, lokacin hutu, a taru gari guda a yi ta a gama, garin kuma ya riƙa zagayawa. Kowace tawaga ta tafi da malama ko wata dattijiya da iyaye sunka sani da suna da gida. Kuma kafin a sake taswira, a zauna da ƴan matan da uwayensu. Dutsen da ke cikin ruwa bai san ana rana ba, wanda ke ofis a Yamai bai san mi ake nufi da fita daga Tajaye da asuba ba.

Mu ɗalibai ba mu da kasafin kuɗi, amma muna da baki da biro. Ƙungiyoyinmu na makaranta suna iya rubuta yawan ƴan matan da anka zaɓa, da yawan waɗanda sunka samu tafiya, da dalilin kowace da ta zauna, a kai wa darakta da masu shirya gasa. Ku samari, mu ne yayyensu. Sau da yawa kalmar wa ita ce ke sa uba ya ce to ko ya ce a'a, kuma bakin da ke ɓata sunan yarinya a fada namu ne. Ke kuma ƴar uwa mai buga balo, in anka hana ki tafiya, ki nemi a faɗa miki dalili dalla-dalla, don dalilin da anka faɗa ana iya neman maganinsa.

Ranar da ƙungiyar Yamai za ta hau mota ta yi yini guda ta zo Ƙwanni, ta sauka da gajiya ta shiga fili, sannan ta ci, za mu tashi tsaye mu tafa mata da zuciya ɗaya, don ta ci da ƙafarta. Allah ya nuna mana.