Janyo Aradu da Roka a Ma'aunin Tauhidi

Tsawa tana cikin halittun da suka fi cusa tsoron Allah a zukatan bayi, har akwai sura guda a Alƙur'ani mai ɗauke da sunanta, wato Suratur Ra'ad, kuma Bahaushe kan rantse da aradu idan yana son a gaskata shi. Saboda haka dole mai imani ya tambaya ko janyo aradu da gangan, kamar yadda masana suka yi a jihar Fulorida ta Amurka, shisshigi ne cikin abin da Ubangiji Ya keɓanta da shi.

Larura ce ta ƙara wa wannan bincike muhimmanci, domin a ranar 14 ga Nuwamba, 1969, aradu ta faɗa wa kumbon Apollo 12 sau biyu cikin minti na farko da tashinsa, sannan a 1987 ta yi sanadin tarwatsewar rokar Atlas-Centaur tare da tauraron ɗan'adam da take ɗauke da shi. An gano cewa kumbon da kansa, tare da dogon harshen wutar da ke bin bayansa, shi yake buɗe wa lantarkin girgije hanya. Don fahimtar wannan, masana suna harba ƙaramar roka zuwa ƙarƙashin hadari tana jan siririyar wayar tagulla da aka ɗaure a ƙasa, aradu kuwa sai ta biyo wayar ta sauko inda na'urori suke jira su auna ƙarfinta. Irin wannan ilimi yana cikin abin da aka dogara da shi wajen gina ƙa'idojin da suke hana harba kumbo idan gajimare ya cika da lantarki.

Malaman tauhidi na mazhabar Ash'ariyya, waɗanda littattafansu suka daɗe ana karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, sun bambanta tsakanin halitta, wato samar da abu daga babu, da sababi, wato abin da Allah Ya saba gudanar da wani abu a tare da shi ba don yana da tasiri na kansa ba. Mai harba roka bai haɗa hadari ba, bai tara lantarkin da ke cikinsa ba, kuma sau da yawa yakan harba aradun ta ƙi saukowa, don haka aikinsa bai wuce matsayin sababi ba. Riƙo da sababi kuwa ba sabon abu ba ne, domin Halifa Umar ma ya juya daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, ya kuma nuna wa sahabi Abu Ubaida cewa kauce wa cuta yana cikin ƙaddarar Allah.

Haɗarin da ya kamata a guje wa shi ne girman kai, wato mutum ya ɗauka cewa auna aradu daidai yake da mallakarta. Muddin an tsira daga wannan, janyo aradu domin kare rayuka da dukiya riƙo ne da sababi, kuma bai saɓa wa tawakkali ba.