Mujiya da Mai Bugun Ƙasa

A ƙasar Dawakin Tofa, inda gida ke kallon gida, gona kuma ke jingine da gona, har babu dajin kirki tsakanin ƙauye da ƙauye, idan mujiya ta kwana tana kuka a kan tsamiyar bayan gari, kafin mako ya zagayo sai ka ji an yi rasuwa, tsofaffi su girgiza kai su ce ai daman ta faɗa. Amma wanda ya yi tadabburi zai ga cewa cikin jama'a mai yawa haka, da wuya a kwana bakwai ba a ɗauki makara ba, ko mujiya ta yi kuka ko ta yi shiru. Ita dai ɓerayen rumbu suka kawo ta.

Haka sha'anin mai bugun ƙasa yake. Ya baje rairayi, ya ɗiga ɗigo-ɗigonsa, ya fitar da gidajensa 16, ya ce wa mai juna biyu namiji za ta haifa. To, da shi da wanda ya cilla kwabo sama duk ɗaya ne, domin cikin mata 10, kimanin 5 za su komo masa da goron godiya, su yi ta yayata shi a gidajen suna, sauran kuwa su ce Allah bai nufa ba, ba wanda zai sake jin labarinsu. Na sha ganin ɗan kasuwar Dawanau, mutumin da ba ka isa ka cuce shi rabin tiya ba, ya ba da kuɗi a duba masa ko gero zai yi tsada, alhali ko yaro ya san hatsi kan yi araha da kaka, ya hau idan damina ta yi nisa.

Magabata sun riga mu gane wannan illa. Hadisi ya bayyana yadda boka ke cuɗa gaskiya guda da ƙarya ɗari, mutane su riƙe gudar nan su manta saura; Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma, cikin Nurul Albabi, ya yi inkarin masu da'awar sanin gaibu ta hanyar ƙasa da taurari.

Ya kai mai karatu, nemi ɗan littafi, daga kakar bana zuwa ta baɗi ka rubuta duk abin da ka ji mai duba ya faɗa, da wanda ya auku da wanda bai auku ba, sa'an nan ka ƙidaya.