Shaima'u, 'Yar'uwar Manzon Allah a Cikin Kamammun Hunainu

 

A cikin watan Shawwal, shekara ta 8 bayan Hijira, aka gwabza yaƙin Hunainu tsakanin Musulmi da ƙabilar Hawazin. Allah Ya ba Musulmi nasara, aka tara kamammu a Ji'irana, waɗanda malaman tarihi suka ce sun kai 6,000. A cikinsu akwai wata dattijuwa ta Banu Sa'ad, wadda mayaƙa suka tsananta mata wajen kora. Ta ce musu su yi a hankali, ita 'yar'uwar shugabansu ce. Ba wanda ya gaskata ta.

Da aka kai ta gaban Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ta ce ita ce Shaima'u, 'yar Halimatus Sa'adiyya wadda ta shayar da shi. Fiye da shekara hamsin ke nan da rabuwarsu. Ya tambaye ta alama. Ta nuna tabon cizo a bayanta, wanda ya yi mata yana ƙarami tana ɗauke da shi. Ya gane, ya shimfiɗa mata mayafinsa ta zauna. Sa'an nan ya ba ta zaɓi, ko ta zauna wurinsa cikin girma da arziki, ko ta koma ga mutanenta. Ta zaɓi komawa, ya sallame ta da kyauta. Bayan haka wakilan Hawazin suka zo suka yi kamun ƙafa da wannan nono, aka saki matansu da 'ya'yansu.

Abin lura shi ne, bai kore ta don tana kamammiya ba, bai kuma karɓi zancenta ba sai da ya nemi shaida. Dalili kuwa, zumunta ba daɗin baki ba ce kawai, hukunci ne ke rataye da ita. Abin da nasaba ta haramta na aure, shan nono ma ya haramta shi, ko da yake ɗan'uwan nono ba ya gado. Buhari ya ruwaito cewa Uƙuba ɗan Harisu ya yi aure, wata mata ta zo ta ce ta shayar da shi da matar tasa. Ya taso daga Makka har Madina neman fatawa, ƙarshe dai ya rabu da ita.

A ƙasar Hausa, inda kishiya ko maƙwabciya kan ba jaririn wata nono in uwar ta je rijiya, abin ya fi ban tsoro, don ba mai rubutawa. A mazhabar Imamu Malik kuwa, shayarwa ɗaya tak cikin shekara biyu na farko ta isa ta haramta aure. Saboda haka ya kamata waliyyai su tambayi tsofaffin mata na gidajen biyu tun kafin a kai kayan sa rana.