Manomi, Ciro Wayarka, Shamuwa Ta Iso

Da kai nake, ɗan'uwa, kai da raɓa ke jiƙa wa ƙafar wando tun gari bai gama wayewa ba. Da ke nake, 'yar'uwa mai kai fura gona, mai roron wake da kaka. Abin da idanunku ke gani kullum a fadamun Haɗeja da Nguru, wasu sai sun keto daga Turai da kyamarori masu tsadar gaske kafin su gan shi na 'yan kwanaki a mafakar tsuntsaye ta Dagona. Ku kuwa a cikinsa kuke kwana, a cikinsa kuke tashi, ga waya a aljihu. To me ake jira?

Ku fara da shamuwa. Daga kudancin Afirka take tasowa, ta iso mana wajen Afrilu zuwa Mayu, ta yi sheƙa a kan tsamiya ko kukar tsakiyar gari, kuma da ganinta iyayenmu ke sanin lokacin sharar gona ya yi. Ranar da ka fara hango ta, ɗauke ta. Wayar da kanta za ta riƙe kwanan wata. Baɗi ka sake, baɗin baɗaɗa ka ƙara, ka haɗa da hoton hadarin farko da na ranar shuka. Kafin shekara biyar kana da tarihin daminar garinku a tafin hannunka, wanda babu ofishin da ya mallaki irinsa. Haka gawon da ke tsakiyar gonarka: ka tsaya wuri ɗaya ka ɗauke shi a Agusta yana tsirara alhali duniya ta yi kore, ka dawo a Janairu ka same shi ya yi shar, awaki na tsintar 'ya'yansa.

Kada wani ya ce maka sai mai ilimin boko. Goge idon kyamarar da bakin riga, domin ƙurar hunturu ce ke dusashe hoto. Bar rana a bayanka. Sassafe da la'asar sakaliya su ne lokacin haske mai taushi. Tsakar rana ƙone hoto take yi. Maimakon jawo tsuntsu da yatsa har hoton ya farfashe, durƙusa ka matsa a hankali, ko ka zauna shiru a gindin kunya har zalɓe ya manta da kai. Wanda ya binne iri ya jira gero har ya nuna, wa zai koya masa haƙuri? Sheƙa dai kada a taɓa ta, kuma in ana walƙiya a nisanci gindin bishiya.

Wannan aiki ya wuce nishaɗi. A 2016 aka fara ganin baƙuwar tsutsar nan mai cinye zuciyar masara a Najeriya, kafin ta bazu a Afirka. Hoton ganye ɗaya da ta huda, in ya isa ga malamin gona da wuri, zai iya ceton gonakin ƙauye. Haka garken jan-baki in ya sauka a shinkafa, haka ciyawar kacalla in ta toshe hanyar ruwa. Ambaliyar 2022 ta ci gonaki da gidaje a Jigawa, kuma wanda ya ɗauki inda ruwa ya kai a jikin bango yana da hujja a hannu. Gani ya kori ji.

Tsuntsun da ya fi damuna shi ne gauraka. Tambayi tsofaffi yadda yake cika fadama a da, da tukkunsa mai ruwan zinariya. Yau ganinsa a ƙasar nan sai an dace. In Allah Ya haɗa ka da shi, don Allah ajiye fartanya ka ɗauke shi, ka nuna wa yara da daddare.

Yau ka sa waya a caji. Gobe da asuba, kafin ka kama kunyar farko, juya gabas ka ɗauki sama.