Wa Ke Gadin Mikiya?

Rannan a Gauraka, can baya da titin Abuja zuwa Kaduna, na tarar da yara biyu a shagon wani mai gyaran rediyo sun duƙufa gaban tsohuwar talabijin mai ƙeya. Ƙarar ce ta tsayar da ni. Gem ɗin tanka ne, wanda muke samu a kaset mai ruwan ɗorawa, irin wanda ake rubuta wa wasanni dubu alhali ba su wuce goma ba, kuma sai ka hura masa iska kafin ya kama.

Mu dai tanka muke ce masa. Sai da na girma na san sunansa Battle City, kamfanin Namco na Japan ya fitar da shi a 1985 don na'urar Famicom ta Nintendo. Wanda ya iso hannunmu ma kwafi ne daga China, mai suna Tank 1990.

Tankoki ashirin na abokan gaba ke sauko maka a kowane mataki. Kai kana ƙasa, kusa da wata 'yar mikiya da aka kewaye da bulo. Ba ta harbi, ba ta motsi, ba ta ba ka maki ko ɗaya. Amma harsashi guda ya same ta, wasa ya ƙare, ko da rayuka uku gare ka a ajiye. Kuma harsashinka ma yana kashe ta. Sau nawa na juya a gigice na rushe katangarta da hannuna!

In muna bugawa mu biyu, yayana ba ya taɓa tsayawa. Da an fara sai ya nausa sama, yana cin tauraro, yana tara maki.

"Ƙane, kai tsaya gida."

Haushi nake ji, don mai gadi ba ya da suna. Idan aka ƙirga a ƙarshen mataki, tankokinsa sha biyar, nawa biyar. Duk da haka ranar da na bi shi sama, ba mu yi minti ɗaya ba aka ci mu. Akwai shebur da ke faɗowa jefi-jefi, in ka ɗauka katangar ta zama ƙarfe, sai dai na ɗan lokaci ne, ta sake komawa bulo.

Shi ya sa nake tuna wasan nan duk asuba, in na ga magidanta cike da bakin titi suna rububin motar Abuja, ba za su dawo ba sai 'ya'yansu sun yi barci. Neman halali ne, ba mai ganin laifinsu. Kuɗin da ake aikowa gida kuwa shebur ne. Matar gidan da ta wuni tana tsaron katangar, ba a sa ta a lissafin maki.

Yaran nan na shago, duk biyun sama suka nausa. Na buɗe baki zan yi magana ke nan aka ɗauke wuta.