Kursiyin Sarki da Bagaden Allah

Karatu: 1 Sarakuna, sura 12

Muna roƙonku ku buɗe Littafi Mai Tsarki ku karanta surar nan duka kafin ku ci gaba da wannan shafi. Ba ta da tsawo ƙwarai. Amma a cikinta Allah ya tara mana abu uku waɗanda suke juya al'amuran duniya tun zamanin dā har wa yau, wato sarauta, da tawaye, da addini.

Sarki Sulemanu ya rasu. Ya bar haikali da fada waɗanda ba a taɓa ganin irinsu ba, ya kuma bar talakawa a gajiye, gama da aikin tilas aka yi gine-ginen nan. Tsofaffinmu da suka ga yadda aka riƙa ɗiban mutane daga ƙauyuka ana kai su haƙar kuza a Jos lokacin yaƙin Hitila, sun san ma'anar wannan kalma. Jama'a fa suka taru a Shekem domin naɗin ɗansa Rehobowam, suka roƙe shi abu ɗaya tak, ya sassauta musu karkiya. Dattawa suka ba shi shawara ya yi wa mutane magana mai laushi. Samarin da suka yi girma tare da shi kuwa suka zuga shi ya nuna ƙarfi. Ya bi ta samari. Kabila goma suka ɓalle. Da ya aiki Adoram, shugaban aikin tilas, sai suka jejjefe shi har ya mutu, sarki da kansa ya hau karusa a gaggauce ya tsere zuwa Urushalima.

Sai mu lura da kyau, Littafi bai ce kukan talakawan nan ƙarya ne ba. Aya ta 15 ta nuna mana juyin nan daga wurin Ubangiji yake, annabi Ahija ma ya riga ya faɗe shi tun Sulemanu yana da rai. Saboda haka ba mu yarda da masu koyarwa cewa kowane mai kuka a kan zalunci ɗan tawaye ne ga Allah ba. Akwai sa'ar da Allah da kansa yake fizge sandar mulki daga hannun azzalumi.

Amma ku dubi abin da ya biyo baya. Yerobowam, mai ceton talakawa, ya hau gado. Bai daɗe ba tsoro ya shiga zuciyarsa. Ya yi tunani, idan mutane suka ci gaba da zuwa Urushalima sujada, zuciyarsu za ta koma wa gidan Dawuda, shi kuwa za a kashe shi. Sai ya ƙera 'yan maruƙa biyu na zinariya, ya kafa ɗaya a Betel, ɗaya a Dan. Ya naɗa firistoci daga kowane irin mutum, ba daga Lawiyawa ba. Har idi ma ya ƙago nasa, ran goma sha biyar ga wata na takwas. Bai hana mutane addini ba, ko kaɗan. Ya ba su addini mai sauƙi, kusa da gida, amma addinin da aikinsa shi ne tsaron kujerarsa. Mene ne kuwa amfanin da Isra'ila ta samu? Sarakuna 19 cikin shekara wajen 200, da yawa a cikinsu bisa jinin wanda ya riga su suka hau. Zimri kwana bakwai kaɗai ya yi. A ƙarshe Assuriyawa suka kwashe su, shekara 722 kafin haihuwar Ubangijinmu.

Ba sai mun tafi ƙasar Kan'ana ba kafin mu ga irin wannan. Mu da muke zaune a Samaru da Sabon Gari, ganuwar birnin Zazzau tana nan kusa da mu, ita ma tana da nata labari. A 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu, aka fara jihadi. Wanda ya san tarihi ba zai yi musu ba, cikin abin da Shehu ya yi wa'azi a kai akwai haraji marar ƙa'ida, da cin hanci wurin shari'a, da ƙwace dukiyar talaka. Malam Musa ya karɓo tuta ya nufo Zazzau. Tsofaffi sun ce Sarki Makau yana filin idi a bayan gari sa'ad da abin ya auko masa, bai sāke shiga birni ba, ya yi kudu wajen Zuba. Ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, wanda yanzu ake kira Suleja. Gidan sarauta na ɗaruruwan shekaru ya faɗi kamar rana ɗaya. Amma tun yaƙi bai ƙare ba, Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, mutum mai tsoron Allah bisa ga addininsa, ya ga yadda son dukiya da son sarauta suka shiga zukatan waɗansu mayaƙa, ransa ya ɓaci har ya bar rundunar ya nufi gabas, sai a Kano aka tsai da shi. Hare-haren kamun bayi zuwa ƙasashen kudancin Zazzau kuwa ba su tsaya ba.

Kafin shekara ɗari ta cika, ga Turawa. Suka shiga Zariya a 1902, suka tuɓe Sarki Kwasau. Kano da Sakkwato suka faɗi a 1903. Aliyu ɗan Sidi da suka naɗa, shi ma daga baya suka tuɓe shi suka kai shi Lakwaja, gidan Mallawa kuwa bai sāke hawa gadon Zazzau ba sai a 2020. Turawan da kansu suka naɗe tutarsu a 1960. Ran 15 ga Janairu 1966 sojoji suka kashe Sardauna, wanda jami'ar Samaru take ɗauke da sunansa. Ba a jima ba aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. Kowanne a cikin waɗannan, sa'ad da ya zo, ya ce gyara ya kawo.

A ƙasashen ƙetare ma haka ne. Mutanen Faransa suka tashi a 1789 saboda yunwa da nauyin haraji, suka sare kan sarkinsu a 1793, suka rufe majami'u. Amma a 1804, shekarar hijirar Shehu ke nan, Nafoliyon ya ɗora wa kansa kambin sarauta a babbar majami'ar Faris, ga Fafaroma zaune an kawo shi domin ya sa albarka. A Rasha aka kawar da sarki a 1917, aka harbe shi da matarsa da 'ya'yansa a 1918, aka ce ba Allah. Da yaƙin Jamus ya yi tsanani, sai Sitalin ya kira shugabannin ekklesiya a 1943 ya sassauta musu, domin yana bukatarsu. Ashe ko wanda ya ce ba Allah, in kujerarsa tana rawa, yakan nemi Betel tasa.

Kada kuwa mu ce wannan cuta ta waɗansu ce kawai. Sarkin Rum Kustantin ya ba masu bi 'yancin sujada a 313, abin godiya ne ƙwarai bayan tsanani mai tsawo. Amma kafin ƙarnin nan ya ƙare, ekklesiyar da dā ake jefa 'ya'yanta ga zakoki ta fara aron takobin sarki a kan masu saɓa mata.

To, ashe addini ba ya sāke kome ke nan, sai dai ya zama bawan mai mulki? A'a. Ku karanta Amos sura 7. Shekaru da yawa bayan Yerobowam na fari, wani makiyayi daga Tekowa ya tsaya a Betel ɗin nan ya yi magana a kan masu tattake matalauta. Amaziya firist ya kai ƙararsa wurin sarki, ya kore shi, hujjarsa kuwa ita ce wurin sujadar nan na sarki ne. Gaskiya ya faɗa, bai sani ba. Firist ɗin yana cin abincin sarki, saboda haka ba shi da bakin magana. Makiyayin ba ya cin na kowa. Yau bagaden Betel ko tushensa ba mai sujada a kai, amma maganar Amos muna karanta ta da Hausa.

Irin wannan bangaskiya, wadda ba a saye ta ba, ita ce take juya duniya juyi mai daɗewa, ko da yake a hankali take aiki. A Ingila waɗansu masu bi tare da Wilbafos suka yi shekara wajen ashirin suna fama a majalisa, ana yi musu dariya, kafin a hana fataucin bayi a 1807. Ba su harba bindiga ko ɗaya ba. A ƙasar Habasha, sa'ad da Italiyawa suka kori 'yan mishan daga Wolaita a 1937, waɗanda aka yi wa baftisma ba su kai ɗari ba. Da 'yan mishan suka komo bayan 'yan shekaru, dubbai suka tarar.

Namu labarin ma haka yake, ya kamata yaranmu su san shi. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi, wani malami mai suna Ibrahim ya yi ta nazarin abin da aka faɗa a kan Annabi Isa, har ya tara almajirai. Aka kashe shi a kasuwar Kano domin ya ƙi janye maganarsa. Almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka watse. Likita Mila ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, yana magani yana koyar da yara kaɗan. A 1913 waɗansu daga zuriyar Isawa suka neme shi, aka kafa ƙauyen masu bi a Gimi. Ciwon barci ya faɗa musu, ya kashe da yawa, ƙauyen ya tashi. Gwamnatin Turawa kuwa, kada kowa ya ruɗe ku, ba ta buɗe wa Bishara ƙofa cikin ƙasashen sarakuna ba, gama alkawarinta da sarakuna ya fi mata muhimmanci. A 1929 aikin mishan ya fita daga birni ya koma Wusasa. Ga idon mutum, an ci su ke nan. Amma a 1932 Littafi Mai Tsarki duka ya fito da Hausa. Daga 'yan tsirarun nan aka sami Likita Barau Dikko, likita na fari daga Arewa, da Ishaya Audu wanda ya shugabanci jami'ar Samaru daga 1966 zuwa 1975, da malaman makaranta da masu jiyya waɗanda suka yi wa Musulmi da Kirista hidima ba bambanci. Ba sarki ne ya ba su wannan ba, ba kuwa tawaye.

Muna jin waɗansu 'yan'uwa suna cewa, sai namu ya hau mulki kāna ekklesiya ta huta. Mun riga mun gwada. Yakubu Gowon ɗan mai wa'azin Bishara ne, a Wusasa ya yi girma, ya riƙe ƙasar nan shekara tara. Muna gode wa Allah domin sa'ad da yaƙin basasa ya ƙare a Janairu 1970 bai nemi ramuwa ba. Duk da haka cikin zamaninsa aka zub da jini mai yawa, da juyin mulki ya hau, da juyin mulki kuma ya sauka a 1975. Mulkin Allah bai sauko domin Kirista ya zauna a Barikin Dodan ba.

Yanzu fa ga inda maganar ta taɓa mu. Sabon Gari ta ga kisan 1966. Mun ga majami'u da yawa sun ƙone a Zariya cikin Maris 1987, bayan rikicin da ya tashi a Kafanchan. Ran 17 ga Yuni 2012, ranar Lahadi, aka ta da bam a majami'u a Sabon Gari da Wusasa. Ba mu ce a manta ba, ba mu kuwa ce kada a nemi shari'a da tsaro ba. Bulus da kansa ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Amma a ranar nan ta 2012 waɗansu samari masu amsa sunan Kristi suka tare hanya a Kaduna suka kashe Musulmi matafiya waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Samarinmu, ku koma aya ta 21 zuwa 24. Rehobowam ya tara mayaƙa 180,000 domin ya ƙwato mulkinsa. Maganar Allah ta zo wa Shemaiya, mutum guda, ba takobi a hannunsa, ya hana su yaƙi da 'yan'uwansu. Abin mamaki, suka ji, kowa ya koma gidansa. Wanda yake zuga ku ku ɗauki adda, ku tambaye shi ko shi Shemaiya ne, ko kuwa ɗaya daga cikin abokan wasan Rehobowam.

Ku kuma dattawan ekklesiya, da mu masu kiwon garke, namu gwajin ya fi zuwa da fara'a. Lokacin zaɓe yana kusatowa sai ga manyan motoci a ƙofar majami'a, ga buhunan siminti, ga bandir na kwanon rufi, ga ambulan domin fasto. Mai kawowa ba ya cewa mu bar Yesu. Yerobowam ma bai ce a bar Allahn da ya fito da su daga Masar ba. Abin da yake so kaɗan ne: a ba shi bagadi minti goma ranar Lahadi, in ya ci kuma, mu yi shiru sa'ad da albashin malaman makaranta ya makale, ko aka ƙwace gonar gwauruwa. An umarce mu mu yi addu'a domin sarakuna da dukan masu mulki, muna kuwa yi kowace Lahadi, domin Sarkin Zazzau da gwamna da shugaban ƙasa, ko na jam'iyyar da muke so ne ko ba ita ba. Mai neman ƙuri'a in ya zo sujada, a ba shi wurin zama a benci kamar kowa, ya ji wa'azi. In ya ba da kyauta, ma'aji ya rubuta ta a littafi, a karanta a gaban jama'a duka, da sunansa da yawan kuɗin. In ya ce shi dai a ɓoye yake so, ko kuwa ya haɗa ta da sharaɗi, dattawa biyu su mayar masa da ita gidansa kafin rana ta faɗi.

In Ubangiji ya yarda, wata mai zuwa za mu duba sura 13, labarin mutumin Allah da ya fito daga Yahuda ya tsauta wa bagaden Betel, ya ƙi cin abincin sarki, amma wani tsohon annabi ya ruɗe shi a hanya. Ku karanta ta tun da wuri.