Abin da Ƙyalle Yake Rasawa

Ɗan'uwa, ka taɓa zama inda matan zumunta suke harhaɗa ƙyallayen atamfa su ɗinka mayafi? Sukan tattaro guntayen da tela ya zubar, su daidaita su da almakashi, su jera. Amma lura: kowane ƙyalle sai ya sadaukar da gefensa, ya shige cikin ɗinki, ba a ƙara ganinsa. In ba haka ba, tsumma zai zauna.

Haka zumunci yake. Manzo Bulus ya koya wa Korantiyawa cewa mu gaɓoɓin jiki ɗaya ne. To, me kake riƙewa? Girman kai ne, ko tsohon fushi da wanda kuke cin Jibin Ubangiji tare? Sake shi yau. Maraya yana jiran mayafin nan kafin hunturu.